Ofis ɗaya, ƙofa ɗaya: wa ake tambaya kafin a gina a Garwa?

Duk malamin firamare a Garwa ya san abin da ke faruwa idan lokacin haɗa takardun jarrabawar CEP ya zo. Yaro ya kai aji shida, yana da ƙoƙari, amma ba shi da takardar haihuwa. Wa'adin da doka ta yanka na yin rajistar jariri ya wuce tun shekaru da dama, saboda haka sai an bi ta kotu a samo hukuncin da ake kira jugement supplétif. Uban yaro zai je asibiti likita ya ƙiyasta shekarun ɗansa, ya je meri a ba shi shaidar cewa ba a taɓa rubuta yaron ba, ya nemi shaidu ya kai su kotu, sannan ya dawo meri da hukuncin a rubuta takardar. Ƙofa huɗu ke nan, kowace da kuɗin acabarta da yinin da za a rufe shago dominta. Da yawa a ƙofa ta biyu suke gajiya, yaron kuma ya rasa jarrabawa.

Shi ya sa tunanin tara ayyukan hukuma a wuri ɗaya yake da daɗin ji, kuma ba baƙon abu ba ne a garin nan. Garwa na cikin biranen da ke da cibiyar CFCE, inda mai son buɗe kamfani ke miƙa takardunsa a tebur ɗaya maimakon zagaya ofishin haraji da kotu da ofishin inshorar ma'aikata. Kenya ta faɗaɗa abin tun 2013 da cibiyoyin Huduma, inda ake neman katin ɗan ƙasa da takardar haihuwa da sauransu a zaure guda. To, idan wata ƙaramar hukumarmu ta tashi gina irin wannan wuri ga talaka, wa zai faɗi inda za a sa shi, da abin da za a zuba a ciki?

A rubuce, amsar ita ce mu. Doka mai lamba 2019/024 ta ranar 24 ga Disamba 2019, wadda ta tsara ƙananan hukumomi da jihohin Kamaru, ta ce a sashe na 40 kowane mutum ko ƙungiya na iya miƙa wa magajin gari shawara kan ci gaban yankinsa. Ta ƙara da cewa mazaunin gari ko mai biyan haraji na da damar neman kwafin kasafin kuɗi, da tsarin raya ƙaramar hukuma, da bayanan zaman majalisa, in dai zai biya kuɗin kwafin. Sashe na 41 ya ambaci kwamitocin unguwa da na ƙauye a cikin masu hannu a aikin. Zaman majalisar kansiloli ma a buɗe yake ga jama'a. Mu nawa ne a Hausare ko Yelwa muka taɓa shiga muka zauna ranar da ake amincewa da kasafin shekara?

Tun kafin wannan doka an ɗanɗana tuntuɓar jama'a. Shirin PNDP da ya fara a 2004, da tallafin Bankin Duniya da Faransa, ya riƙa tura ma'aikata ƙauye-ƙauye su zauna da mutane, maza daban, mata daban, matasa daban, kowa ya jera matsalolinsa, a haɗa su a littafin tsarin raya ƙaramar hukuma. Dabarar raba zaman nan tana da hikima, domin matar da ba za ta buɗe baki gaban jauro da surukinta ba, in ta samu 'yan'uwanta mata sai ka ji abin da ba ka zata ba. Rauninsa shi ne bayan an rubuta, littafin kan shige durowa, kuma ba kasafai ake dawowa a ce wa mutane ga abin da aka ɗauka, ga wanda aka bari, ga dalili ba.

Akwai kuma darasin cibiyoyin sadarwa na karkara, télécentres, da gwamnati ta gina a shekarun 2000 don a samu intanet da waya da aikin gidan waya a wuri ɗaya. Gini ya tashi, an kawo kwamfutoci, amma da yawansu sun tsaya saboda rashin wuta, da rashin layi, da rashin mai kula. Da an tambayi mutanen wurin tun farko, ai da sun faɗi sau nawa ake ɗauke musu wuta a mako.

A Garwa maganar wuri ita ce ta farko. Gari ne mai ƙananan hukumomi uku tun 2007, ga kuma hukumar birni a samansu, ga kogin Binuwai ya raba shi. Mutumin Bokle da ke tsallaken gada da mutumin Jambutu ba nisa ɗaya suke gani ba. Filin da ya fi araha ga hukuma sau da yawa a bayan gari yake, to amma arahar hukuma tsadar talaka ce, shi ne zai biya ɗan acaba zuwa da dawowa. Wanda ya ga ambaliyar 2012 kuma ya san ba kowane fili ne ake aza wa tubali ba, tsofaffin unguwa sun fi taswira sanin inda ruwa ke kwanciya. Sai ƙananan abubuwan da mai zane a Yaunde ba lalle ya tuna ba: rumfa da ruwan sha ga masu jira a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, da wurin zaman mata masu goyo, da makewayi mai ruwa, da ɗan wurin da mutum zai yi azahar ba tare da ya rasa layinsa ba.

Sai harshe, wanda a nan ne abin ya fi shafar mu. Taron hukuma da Faransanci ake buɗe shi, in an yi adalci a fassara da Fulatanci. Yawancin Hausawan Garwa suna jin Fulatanci, wannan gaskiya ne, amma jin ciniki a kasuwa daban, tashi a yi gardama kan kasafi daban. Ga kuma Fali da Bata da Gidar da Tupuri da Mundang da sauran waɗanda birnin ya tara. Taron da aka sa ƙarfe goma na safe ranar aiki, aka raba takardar gayyata ga shugabannin ƙungiyoyi ashirin, aka karanta jawabi aka ɗauki hoto, sanarwa ce kawai aka yi, ko da an kira ta tuntuɓa. Mahauci da tela da mai sayar da goro ba su bar sana'a a wannan lokaci. Bayan la'asar a ƙofar gidan mai unguwa, da sanarwa a masallatan Juma'a da coci-coci da gidajen rediyon gari mako guda kafin ranar, shi ne zai kawo su. Matan da ba su fita taron maza kuwa, sai a tura musu mata har cikin gida ko makarantun islamiyya.

Mu ma da namu. Mun saba barin maganar meri ga 'yan siyasa, sai mu ce ai masu unguwa za su wakilce mu. Lamiɗo da lawanai da jauro suna da girmansu, kuma ta hannunsu saƙo ke isa, sai dai mai unguwa ba shi ne ke tsayuwa a layi da jariri a baya ba. Kwamitin unguwa da doka ta ambata kujera ce da babu wanda ya hana mu, kuma ƙungiyar iyayen yara ta kowace makaranta tana iya rubuta shawara shafi ɗaya ta kai, ta karɓi shaidar an karɓa.

In da za a tambaye ni abin da za a fara sa wa a irin wannan cibiya, zan ce teburin rajistar haihuwa, da rana ɗaya a wata da likita da alƙali za su zo su zauna a wurin domin yaran da wa'adi ya wuce su. Ana yin irin wannan zaman kotu na tafi-da-gidanka jefi-jefi idan an samu mai ɗaukar nauyi, kuma hukumar BUNEC da aka kafa a 2013 aikinta ke nan na gyara harkar rajista. Abin da ya rage shi ne ya zama da rana sananniya da wuri sananne, kafin watan da makarantu ke rufe karɓar takardun CEP.