Ido Ba Mudu Ba: Yadda Mai Shafin Intanet Ke Bin Sawun Baƙinsa

Duk wanda ya taɓa zaman kanti, a unguwar Bobiyel ne ko a Katako ko a Babbar Kasuwar Yamai, ya san cewa rabin ciniki ido ne. Mai kanti yana ganin wanda ya shigo, da turmin atamfar da ya shafa, da wanda ya ji kuɗi ya juya bai ko taya ba. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To, ranar da ɗan kasuwa ya kai hajarsa bisa shafin intanet, wannan ido ya rufe. Baƙi suna shiga suna fita, babu sallama, babu ban kwana. Haka nan ma'aikacin gwamnati da ya ɗora sanarwa bisa shafin ma'aikatarsa, ba ya sanin ko an karanta ta ko kuwa iska yake wa magana.

A yau akwai dabarun da ke mayar masu da wannan ido, ba tare da sun koyi rubuta umarnin kwamfuta ba. Sai dai sauƙin ya zo da nauyi.

Daga ƙidayar kai zuwa ƙidayar motsi

A shekarun 1990, lokacin da intanet ta iso Nijar ta hannun SONITEL, abin da aka fi sani shi ne wata ƴar lamba a gindin shafi mai ƙaruwa duk sa'ad da wani ya leƙo. Tana faɗin yawan leƙowa, ba ta faɗin abin da baƙo ya aikata. A 2005 kamfanin Google ya sayi wani kamfani mai suna Urchin, a watan Nuwamba na shekarar kuma ya fito da Google Analytics kyauta. Duk da haka, wanda ke son ƙidaya wani aiki na musamman, kamar latsa lambar waya, tilas ya nemi gwanin kwamfuta, ya biya shi, ya kuma jira shi.

Abubuwa biyu suka sake lamarin. Na farko shi ne Google Tag Manager, da ya fito a 2012. Na biyu shi ne sabon tsarin Google Analytics 4 na 2020, wanda ya gaji tsohon tun ranar 1 ga Yuli 2023. A wannan tsari kowane abu motsi ne, ana kuma rubuta kowane motsi da sunansa. Da zarar an kunna shi, da kansa yake ƙidaya wanda ya gangara har kashi 90 cikin ɗari na shafi, da wanda ya sauke takarda, da wanda ya nemi wata kalma a cikin shafin, da wanda ya latsa hanyar fita zuwa wani wuri.

Misali daga kanti

A ɗauka mai sayar da kayan gini ne a Bobiyel, yana da shafi mai hotunan siminti, kwano da fenti, gefen kowanne kuma akwai maɓallin WhatsApp. Tambayarsa guda ce: wace haja ce ke sa mutum ya nemi magana da shi?

Sau ɗaya tak ake dasa ɗan guntun rubutun Tag Manager cikin shafin. Wannan kam aikin wanda ya gina shafin ne, ko da yake masu anfani da WordPress suna da Site Kit mai yi masu shi. Daga nan sauran duk zaɓi ne da latsawa. Mai kanti zai kafa sharaɗi: duk lokacin da aka latsa hanyar da ke ɗauke da «wa.me», wato adireshin WhatsApp. Sa'an nan ya raɗa wa motsin suna, a ce «neman magana». Akwai wurin gwaji inda zai latsa da hannunsa ya ga ko an ƙidaya kafin ya saki aikin. Bayan mako biyu ko uku, idan ya tarar shafin fenti yana samun baƙi da yawa amma ba mai neman magana, ya san inda zai duba: ko farashi ne, ko hoto, ko kuwa maɓallin ne ba ya fitowa sosai a ƙaramar waya.

Ga ma'aikata ma haka abin yake. Idan an ɗora sanarwar jarrabawar ɗaukar ma'aikata, ƙidaya za ta nuna nawa suka sauke takardar, nawa kuma suka fara cika fom suka bar shi a tsakiya. Fom ɗin da ake gudu daga gare shi ya nuna akwai gyara.

Inda lissafi ke tsayawa

Bai kamata a ɗauki waɗannan lambobi tamkar hatimin alƙali ba. Na'urar ba ta san mutum ba, alamar da ta ajiye cikin waya ko kwamfuta kaɗai take ganewa. A gidan da mutum biyar ke anfani da waya ɗaya, baƙo ɗaya za ta rubuta. Wanda kuwa ya shiga da wayarsa da safe, ya koma da kwamfutar biro da rana, yana iya zama mutum biyu. Wasu kuma sun toshe ƙidayar ɗungum a na'urorinsu.

Bugu da ƙari, ciniki a Yamai sau da yawa ba a shafi yake ƙarewa ba. Ana ƙarasa shi da murya, a yi tayi, a biya hannu da hannu ko ta waya. Ƙidaya tana rako baƙo har bakin ƙofar WhatsApp, nan take tsayawa. Littafin ciniki ne kaɗai zai faɗi ko latsawa ta zama sefa.

Amanar baƙo

A nan nauyin yake. Kowane motsi da aka ƙidaya da Google Analytics yana tafiya ne zuwa rumbunan wani kamfanin Amurka. A watan Fabrairu 2022 hukumar CNIL ta Faransa ta yanke cewa yin hakan, yadda ake yin sa a lokacin, ya saɓa wa dokar Turai. Sai a Yuli 2023 Tarayyar Turai ta amince da sabon tsarin aika bayanai zuwa Amurka. Wannan ya sa wasu ma'aikatu suka karkata ga Matomo, wanda Bafaranshe Matthieu Aubry ya fara a 2007 da sunan Piwik, domin ana iya girka shi bisa na'urar ma'aikata, bayanan su zauna a gida.

Nijar ma ba ta bar fagen haka kawai ba. Doka mai lamba 2017-28 ta 3 ga Mayu 2017 ta tanadi kare bayanan mutane, ta kuma kafa hukumar HAPDP, kafin wata sabuwar doka mai lamba 2022-59 ta zo ranar 16 ga Disamba 2022. Ginshiƙin irin waɗannan dokoki sananne ne: a sanar da mutum abin da ake tarawa game da shi, da dalilin tarawar, kada kuma a wuce dalilin. Shi kansa Google ya hana a tura masa suna, ko adireshin imel, ko lambar wayar baƙo. Amma wanda bai ƙware ba yana iya yin hakan da latsawa ɗaya, idan ya sa na'urar ta kwashe abin da aka rubuta cikin fom. A da, gwanin kwamfuta ne ke tsaye tsakanin mai shafi da wannan kuskure. Yanzu babu kowa.

Saboda haka shawarar a taƙaice take. Mai shafi ya rubuta tambayarsa bisa takarda kafin ya kunna kome, ya ƙidaya motsi biyu ko uku da ke amsa ta, ya bar sauran. Ya kuma faɗa wa baƙinsa, da hausa da zabarmanci da faransanci, cewa ana ƙidaya. Mai kanti na gari yana lura da wanda ya shigo masa, amma ba a taɓa jin ya bi mai saye har gida yana leƙen aljihunsa ba.