Gidan Ajiye Duwatsu

Kowannenmu ya san rumbu, inda mu ke ajiye hatsi. Mun san baitulmali, inda a ke ajiye kuɗi. To, akwai kuma wani irin gida inda a ke ajiye duwatsu. Wani in ya ji haka sai ya yi dariya, ya ce, "Dutse kuma? Ga su nan birjik a bayan gari, wa zai sata?" Amma bari mu bincika mu gani.

A irin wannan gida a kan jera duwatsu cikin akwatunan gilashi. Kusa da ko wane dutse akwai 'yar takarda. An rubuta sunansa, da wurin da aka samo shi, da amfaninsa. Wanda bai iya karatu ba sai ya ga tsakuwa kawai, ya wuce. Wanda ya iya kuwa, takardar nan za ta gaya masa labarin dutsen duka.

Abubuwan da a kan ajiye iri uku ne.

Na farko su ne ma'adinai, watau duwatsun da a ke samun ƙarfe ko wani abin amfani daga cikinsu. Wanda muka fi sani shi ne kuza. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Liruwai suna narka kuza, fatake suna kai ta kasuwanni. Daga baya Turawa suka bi sawu, suka shiga haƙarta a ƙasar Jos, har cikin 1914 aka kai jirgin ƙasa can daga Zariya. Kuza baƙa ce, tana da nauyi. Shi ya sa in an wanke ƙasa a ƙwarya yashi ya kan bi ruwa, ita kuwa ta kwanta a gindi. Da ita a ke shafe gwangwani don kada ya yi tsatsa. A gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe cikin 1952, akwai wurin da a ke nuna yadda a ka yi aikin kuza.

Na biyu su ne duwatsun ado. A ƙasar Jama'a da kan tsaunin Mambila a kan sami shuɗin yaƙutu. Tsadarsa ta jawo 'yan damfara, su kan goge fasasshiyar kwalba su sayar wa wanda bai sani ba. Masana da tauri su ke gwadawa. Yaƙutu ya kan karce kwalba, amma kwalba ba ta karce shi. Haka kuma akwai wani dutse mai ruwan ɗorawa, mai ƙyalli kamar zinariya. In an buga zinariya da guduma sai ta baje, shi kuwa sai ya marmashe. Kama da wane ba ta wane. Wanda ya taɓa ganin na gaske da na ƙarya a jere, da wuya a cuce shi.

Na uku su ne suka fi ban mamaki, watau ƙasusuwan da suka zama dutse. Ga yadda abin ya ke faruwa. Dabba ta mutu a cikin ruwa, laka ta binne ta. Shekaru suka yi ta wucewa, ruwa yana ratsa ƙashin yana barin ɗan ma'adini a ciki, har ƙashin ya taurare ya koma dutse, amma siffarsa tana nan.

Irin waɗannan suna nuna mana cewa ƙasarmu ba haka ta ke ba a da. A Kalambaina, kusa da Sakkwato, cikin dutsen da a ke yin siminti da shi a kan ga ɓawon halittun teku. A wajen Goronyo an tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku, har masana suka raɗa mata suna da sunan garin cikin 1972. Sun ce wajen shekara miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce teku ce ta rufe wuraren nan da yau mu ke shuka gero. A Nijar kuma, a hamadar Gadufawa gabas da Agadas, an sami ƙasusuwan wani kada wanda tsawonsa ya kai ƙafa 30 ko fi. Kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum. Kada kuwa sai inda ruwa ya ke, ashe hamadar nan ta taɓa zama ƙasar koguna. Wanda ya je gidan tarihi na Yamai zai ga irin ƙasusuwan nan da idonsa. Gani ya kori ji.

To, mene ne ruwanmu da duk wannan, mu manoma? Abu biyu ne.

Na ɗaya, sanin dutse ya kan ceci rai. Cikin 2010 a ƙasar Anka da Bukkuyum, a Zamfara, mutane suka riƙa kawo dutsen zinariya cikin gida suna niƙawa. Ba su san akwai dalma a cikinsa ba. Ƙurar ta bi tsakar gida inda yara su ke rarrafe, ta shiga abinci. Yara fiye da 400 suka rasu. Rashin sani ya fi dare duhu. Saboda haka kada mu niƙa dutsen ma'adini a gida, ko a turmin abinci. Wanda ya dawo daga rami ya yi wanka, ya sake tufafi, kafin ya ɗauki yaro. Ko tozali irin na dutse mai ƙyalli, da yawansa dalma ne, kada mu sa wa jarirai.

Na biyu, abin da ke cikin gidajen nan, yawancinsa mutane irinmu ne suka tsinto. Cikin 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan gunkin yumɓu a ƙauyen Nok. Cikin 1943 kuma aka kai Jos wani kan mutum na yumɓu wanda aka samu a ramin kuza wajen Jama'a. Wanda ya same shi ya kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye. Da masana suka bincika, sai suka ga irin kayan nan sun fi shekara 2,000. Kayan nan suna cikin dalilan da suka sa aka gina gidan tarihi na Jos.

Saboda haka in muna noma, ko haƙar rijiya, muka ga baƙon dutse ko ƙashi mai nauyin dutse, kada mu fasa shi. Mu rubuta sunan wurin, da zurfin ramin, da ranar da muka same shi, gama in an manta inda abu ya fito rabin labarinsa ya ɓace. Sa'an nan mu gaya wa dagaci, shi zai sanar da hukuma. Kada mu sayar wa baƙo a ɓoye. Doka ta hana, kuɗin kuma kwana kaɗan za su ƙare. Amma abin da aka kai gidan ajiya, jikokinmu za su je su gan shi, su karanta sunan garinmu a jikin takardarsa.