Sartse Ya Nutse a Nama: Kafin Ka Ɗauki Reza

Duk wanda ya taɓa faskare, ko ya taka ƙayar aduwa a hanyar gona, ya san yadda ɗan abin da bai kai tsinin allura ba ke hana mutum sakat. Yawancinmu da matsa wurin muke farawa, kuma a nan ake ɓata lamarin. Matsi kan karya sartsen gida biyu, ko ya ƙara cusa shi ciki.

Ka fara wanke hannunka da wurin da sabulu. Sannan ka fita haske ka duba yadda abin ya kwanta, domin ta inda ya shiga ta nan zai fito. In kansa ya leƙo, matsefata ta wadatar: kama shi dab da fata, ka ja a hankali ba tare da murɗawa ba. In kuwa ya nutse, sai kana hango baƙinsa ƙarƙashin fata, nemi sabuwar allura, ka tafasa ta ko ka goge ta da sifirit. Daga bakin ramin za ka riƙa ɗaga fatar sama kaɗan-kaɗan kana bin tsawonsa, har kan ya bayyana. Tafin ƙafa mai kaushi kan yi laushi in an tsoma shi a ruwan ɗumi, amma kada a daɗe, don itace na shan ruwa ya ruɓuɓɓushe, kana kamawa yana gutsurewa.

Da ya fito, duba ko cikakke ne, ka sake wanke wurin, ka shafa aidin, ka rufe da filasta. Toka, kananzir da baƙin mai ba su da gurbi a nan. Haka ma tsohuwar rezar da aka yi aski ko yankan farce da ita.

A ganina, abin da ya fi wuya shi ne haƙura. In ka yi minti 15 kana tono bai fito ba, ajiye allurar ka nufi asibiti. Wanda ya shige can ƙarƙashin farce, ko kusa da ido, ko cikin gaɓa, tun farko ba aikin gida ba ne. Mai ciwon suga kuwa kada ya kuskura ya tone ƙafarsa da kansa, domin raunin ƙafarsa ba ya saurin warkewa. Guntun ƙaya ko na itace ya fi na kwalba tayar da kumburi, ga shi sau da yawa hoton ƙashi ba ya nuna shi. Zogi mai ƙaruwa, mugunya, kaluluwa ko zazzaɓi, duk alamu ne cewa wurin ya harbu.

Sai batun ciwon sarƙewar haƙora. Ƙwayoyinsa na zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma rami mai zurfi da ƙaramin baki suka fi so. Yakan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21, lokacin an ma manta da ƙayar. Wanda ya ji irin wannan rauni, kuma ya haura shekara 5 rabonsa da allurar rigakafinsa, ya je a yi masa.

Manoma da makiyaya na da ƙarin dalilin sa takalmi. Akwai cutar maisitoma da ke shiga ta sukar ƙaya, ta kumbura ƙafa a hankali cikin shekaru, ba tare da zafi sosai ba. Ta yi ƙamari a Sudan, ana samun ta a Nijar da Chadi, kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Ƙullutun da ya fito a gurbin tsohuwar ƙaya ya ƙi bajewa, a kai wa likita ya gani.