Surfani a Kan Atamfa: Sana'ar da Bai Kamata Mu Bari ta Kuɓuce Mana ba

Duk wanda ya ratsa kasuwar Kilomita Biyar gab da Sallah ya san ƙarar kekunan ɗinki ba ta yankewa sai dare ya raba. Mun saba ganin surfani a wuyan shadda, kamar yadda Hausawa suka daɗe suna ƙawata babbar riga da aska biyu da aska takwas. Amma akwai wani nau'in aiki da muke son jan hankalin iyaye a kansa, wato surfani a kan atamfa, inda tela ke bin zanen da aka buga a jikin yadin da allura da zare har furen ya taso kamar a tsinka.

Yadda ake yin sa ba boyayye ba ne. Ana cire ƙafar keke, a sauke haƙoran da ke jan yadi ko a rufe su, sannan a ɗaure atamfar tamau cikin zoben katako. Daga nan keke ba ya jan komai. Hannun tela ne ke juya zoben gaba da baya, hagu da dama, yadda ya ga dama. Idan hannu ya yi sauri, ɗinkin ya yi tsawo. Idan ya yi sanyi, zare ya cukurkuɗe. Masu aikin kan wanke atamfar tukuna don kada ta tsuke daga baya, su kuma shimfiɗa takarda ko ƙyalle a ƙarƙashi don kada yadin ya tattare. Wasu na aiki da keke ƙirar Cornely, wanda aka fara ƙerawa a birnin Paris a ƙarni na 19, mai ɗinki kamar sarƙa, ana sarrafa shi da mariƙi a ƙarƙashin tebur.

Alfanun atamfa ga mai koyo shi ne, ita kanta malama ce. Ba ya bukatar ya iya zane, domin ga ganye ga fure an riga an shata masa hanya. Da hannunsa ya faɗa, sai ya fara fita daga layi, ya cike wani gurbi, ya bar wani, ya ƙara launin da masu buga yadin ba su sa ba. Ta haka mata goma za su yanki ankon turmi iri ɗaya, amma rigar kowacce ta fita daban.

Me ya sa muke wannan magana yanzu? Ba mu manta da rikicin da ya ɓarke a Disambar 2013 ba, wanda ya sa dubban Musulmin Bangui suka yi hijira zuwa Chadi da Kamaru a 2014, sana'o'i da dama suka tsaya. Unguwa ta sake rayuwa, alhamdu lillahi, amma matasa da zawarawa da yawa na neman abin yi. Atamfar da muke saye, ta Holan ce ko ta Sin, daga waje take zuwa, yawanci ta hanyar Duwala, kuɗinta kuma can yake komawa. Ladan surfani kuwa a gidajenmu yake zama. Ga shi keken ƙafa ba ruwansa da ɗaukewar wutar lantarki.

Saboda haka muna kira ga iyaye: kada a zubar da ragowar atamfa, a ba yara su gwada hannu. Teloli kuma su buɗe ƙofa ga masu koyo, maza da mata, su riƙe alkawarin lokaci, domin amana ita ce jarin mai sana'a. Hausawa sun ce sana'a goma maganin mai gasa. Allah ya sa albarka a hannayenmu, amin.