Garayar da ba ta da tsirkiya

A shekarar 1981, makaɗin Faransa Jean-Michel Jarre ya kaɗa wata irin garaya a Pekin da Shangai, wadda tsirkiyoyinta hasken leza ne. Da ya sa hannu cikin hasken, sai sauti ya fito.

Yau masu koyon aikin lantarki na ƙera irinta da Arduino, wani ƙaramin allo da aka soma yi a Italiya a 2005. Ƙwaƙwalwarsa ba ta san komi ba sai umurnin da aka rubuta mata.

Fitilar guda ce tak. Ƙwaƙwalwar na juya wani ɗan madubi da sauri, tana tsai da shi a wurare dabam-dabam, har ido ya ga tsirkiyoyi da yawa cikin hayaƙi. In hannu ya tare hasken, sai ya koma ga wani idon lantarki. Da yake ƙwaƙwalwar ta san inda madubin ke duba a lokacin, sai ta ba da sautin da ya dace. Wuyar aikin duk ga lissafin lokaci take: in umurnin ya makara kaɗan, sautin tsirkiyar kusa za a ji.

Malamin da zai gwada da ɗalibai ya nemi leza marar ƙarfi, domin mai ƙarfi na ƙone ido.