Littafin yara da wata uwa ta rubuta bayan tsawa ta kashe ƙawar ɗanta

A shekarar 1974 tsawa ta faɗa wa wata yarinya ƴar shekara 8 a bakin teku a Amurka, ta mutu nan take. Babban abokinta, David, ɗan marubuciya Katherine Paterson ne. Uwar ta rasa abin da za ta faɗa wa yaron, ga shi ita ma a wannan shekarar aka gano tana da cutar daji. Sai ta zauna ta rubuta labari.

Littafin, Bridge to Terabithia, ya fito a 1977, ya kuma ci lambar Newbery a 1978. Masu kallon finafinai da Faransanci sun fi saninsa da Le Secret de Térabithia, fim ɗin 2007, wanda David ɗin yana cikin waɗanda suka rubuta shi.

Jess yaron ƙauye ne a jihar Virginia, ɗan talakawa, namiji tilo cikin mata huɗu. Burinsa ya fi kowa gudu a lakwal, sai ga Leslie, ɗiyar sababbin maƙwabta, ta tsere masa. Daga nan suka ƙulla abota. Da igiyar da ke ɗaure a reshen itace suke lilo su tsallake ƙorama, su shiga kurmin da suka mayar masarautarsu.

Ranar da malamarsa ta kai shi gidan tarihi a Washington, Jess bai gayyaci Leslie ba. Ta tafi ita kaɗai, ƙorama ta cika, igiya ta tsinke.

Abin da ya biyo baya shi ya raya littafin. Jess bai zama yaro mai haƙuri irin wanda manya ke yabo a gidan makoki ba. Ya ƙaryata labarin, ya ruga da gudu har ubansa ya biyo shi ya ɗauko. Washegari ya ci abinci kamar ba a yi komai ba. Ya bugi ƙanwarsa, ya watsa fentin da Leslie ta ba shi cikin ruwa, yana jin haushinta don ta tafi, yana kuma ganin laifin kansa. A tatsuniyar marainiya, uwa kan mutu tun kafin a ce ga ta nan ga ta nanku. A nan kuwa sai mai karatu ya shaƙu da yarinyar tukuna.

Wasu iyaye a Amurka ba su ji daɗin haka ba. Littafin na cikin waɗanda aka fi neman a cire daga ɗakunan karatu a shekarun 1990, saboda mutuwar da kuma wasu kalamai kan addini.

A ƙarshen labarin, iyayen Leslie za su tashi daga garin. Jess ya roƙi ragowar katakonsu, ya gina gada a kan ƙoramar, ya tsallakar da ƙanwarsa May Belle, wadda ya buga, ya naɗa ta sarauniya.