Walda ko ribiti? Shasin mota tsakanin filin wasa da hanyoyin Kurfai

Duk wanda ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin motocin da ke tashi daga tashar Wadata ta Yamai zuwa Baleyara da Filinge zai ga wahalar hanya a jikin ƙarfe. Nan faci, can faci, an ƙara ganyen sifirin, an liƙa guntun ƙarfe bisa wani guntun. Tsakanin Yamai da Filinge kilomita kusan 180 ne, kuma kwalta ce, sai dai aikin motar ba a bakin kwalta yake ƙarewa ba. Daga nan za ta gangara cikin rairayin Dallol Boso, ta bi burji mai gargada zuwa ƙauyukan Kurfai, buhunan hatsi da wake a ciki, tumaki da awaki a bisa. Ranar da wani wuri ya tsage, buƙatar direba wurin mai walda guda ce: a ɗaure masa ita tamau, kada ta ƙara motsi.

Akwai wasu mutane a can ƙarshen duniya masu irin wannan buƙata, kuma su ma mai walda suke nema. Su ne masu wasan zamiyar mota, inda direba ke sa ƙafafun baya su saki ƙasa da gangan, ya sha kwana mota tana tafiya a kaikaice, hayaƙin taya na tashi. A Japan abin ya samo asali. Kunimitsu Takahashi ya yi suna da wannan salo a tseren motoci na shekarun 1970, Keiichi Tsuchiya ya kai shi hanyoyin duwatsu, faifan bidiyonsa na 1987 ya baza shi cikin samari. Yau wasa ne mai gasa da alƙalai, a Amurka ma ana yin gasarsa tun 2004. Ba ina nufin abin da samari ke yi da motocin iyayensu ranar ɗaurin aure a titunan Yamai ko Kano ba. Wannan ganganci ne a kan hanyar jama'a, akasarin motocin ma ƙafafun gaba ke jan su, birkin hannu kawai ake fizga.

Me ya haɗa mai wasan zamiya da walda? Sifirin da shokazoba ba sa aiki daidai sai wurin da aka kafe su ya tsaya cik. In gangar motar tana murɗewa a kan kwana, tsayuwar ƙafafun tana canzawa ba da sanin direba ba, ya juya sitiyari motar ta amsa a makare. Ga wanda ke wucewa ɗan taƙi kaɗan daga bango a guje, wannan jinkiri ya isa ya yi masa asara. Motocin da suka fi so kuma tsofaffi ne: Toyota AE86 da aka ƙera tsakanin 1983 da 1987, da Nissan Silvia ta ƙarshen shekarun 1980. Jikinsu ya riga ya saki.

A nan sai an rarrabe ƙirar mota iri biyu, domin duk rikicin daga nan yake. Ƙananan motoci, irin su Corolla da Starlet da tsohuwar Peugeot 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, ba su da shasi na dabam. Gangar jikin ita ce shasin. Falle-fallen ƙarfe ne sirara, da yawansu ba su kai milimita guda ba, aka lanƙwasa aka haɗa da ɗigon walda dubu uku zuwa dubu biyar. Citroën ta fara fitar da irin wannan ƙira da yawa a 1934. Iri na biyu shi ne na Hilux da Land Cruiser da manyan motocin kaya: dogayen ƙarafa biyu daga gaba zuwa baya, da ƴan gajeru a gicciye, sannan a ɗora gida da akwatin kaya a bisa.

Masu wasan zamiya da iri na farko suke aiki. Tsakanin ɗigon walda da ɗan'uwansa akwai tazara, kuma a wannan tazarar falle biyun suna ɗan gogar juna duk sanda mota ta murɗe. Sai su kwashe komai, kujeru, wayoyi, gilashi, tanki, su kankare fenti da ƙaron da aka toshe gaɓoɓi da shi, su ɗora gangar a wuri mai daidai. Daga nan a bi gaɓoɓin da walda, ana yi ana tsallakewa: santimita biyu ko uku a yi, a bar wani kamarsa ko fiye, a koma ɗaya gefen motar kafin nan ya huce. Ba a jan waldar a miƙe tun daga farko har ƙarshe, saboda zafi zai karkatar da fallen, ƙofa ta ƙi rufuwa. Na'urar da suke amfani da ita mai siririyar waya ce da iskar gas. Waldar lantarki mai sanda, wadda ita ce a yawancin garejojinmu, huda irin wannan falle take yi.

Wanda ba shi da halin wannan dogon aiki, ko yake tsoron wuta, shi ke komawa ga ribiti, ƙusar nan da ake zurawa cikin huda a daddale kanta ta riƙe falle biyu. A Japan an san masu jera ta a bakin ƙofofi, tsakanin ɗigon waldar kamfani. Tana da arha, ba ta ƙona fenti, ba a buƙatar kwashe kayan mota. Amma ribitin da ake ja da ɗan filaya, irin na masu haɗa tukwane da allunan shago, ba ta cika hudarta ba sosai. Da girgiza ta yi yawa sai hudar ta faɗaɗa, ƙusar ta soma rawa. In kuma ta alminiyom ce a jikin ƙarfe, da damshi ya shiga sai ta soma cinyewa. A ganina wannan kashe kuɗi ne don kwanciyar rai. Ba laifin ribiti ba ne a kanta: Jaguar XJ ta 2003 da Ford F-150 ta 2015 da ribiti aka haɗa jikinsu na alminiyom, amma ribiti ce ta musamman da inji ke dannawa, kuma da gam mai ƙarfi a tsakani, wanda shi ke ɗaukar kaso mai yawa na nauyin. Mai wasan da ke son tauri na gaske ma ya san kejin bututun ƙarfe da ake ginawa cikin motar, wanda dokokin gasa suka wajabta don kare direba, ya fi duk wannan tasiri.

To, mu dawo Kurfai. Motar wasa a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta take, mutum ɗaya ke cikinta, ƴan mintoci take yi a fili a koma a duba ta. Motar da ke zuwa Bonkuku ko Abala ko Sanam ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta, ƙafa ɗaya a rami ɗaya a tudu, wata da watanni ba wanda ya leƙa ƙarƙashinta. Abin da ke kashe ƙarfenta gajiya ce. Ƙarfe yana gajiya, ba salon magana ba ne. Injiniyan Jamus August Wöhler ya nuna haka a tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da yake binciken abin da ke karya sandunan ƙarfen da ke riƙe ƙafafun jirgin ƙasa: nauyin da bai isa ya karya ƙarfe a bugu ɗaya ba yana karya shi in aka maimaita sau dubbai. Tsakanin tudu da tudu na gargadar burji sau da yawa bai kai mita guda ba. Ke nan tafiyar kilomita 50 bugu ne fiye da dubu 50, a zuwa kawai.

Ga kuma lodi. Hilux ko Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya an yi ta ne don kayan da ba su wuce kimanin tan guda ba, wato buhu goma na hatsi mai kilo 100. Kowa ya san abin da ake ɗora mata ranar Lahadi in kasuwar Baleyara ta tashi. Don kada bayanta ya zauna, sai a ƙara ganyen sifirin. Motar ta miƙe, ido ya gamsu. Amma sifirin da ya yi tauri ya daina shanye bugu, yana miƙa shi kai tsaye ga shasi, shasin kuma bai ƙaru da komai ba. Shi ya sa ake ganin tsaga kusa da maratayar sifirin, ko a ga motar ta lanƙwashe daidai tsakanin gidan direba da akwatin kaya, musamman in kayan sun zarce ƙafafun baya.

Manyan motocin kaya kuwa da gangan aka yi shasinsu ya riƙa murɗewa. Ƙarafan gicciyen da ribiti ko kusoshi aka kafe su, domin in ƙafa ɗaya ta faɗa kwazazzabo shasin ya ɗan juya, sauran ƙafafun su zauna a ƙasa, ya dawo daidai. Da yawansu ƙarfen an gasa shi a masana'anta don ya yi ƙarfi, kuma kamfanonin sukan manna gargaɗi a jikinsa cewa kada a yi walda ko huda a leɓensa na sama da na ƙasa. Wutar walda tana warware wannan gashi a inda ta taɓa. Shasin Hilux da Land Cruiser dai da walda aka haɗa shi tun daga kamfani, yana karɓar gyaran wuta, amma shi ma da sharaɗi.

Tambayi duk tsohon mai walda, zai gaya maka ba kasafai waldar kanta ke tsagewa ba, gefenta ne ke tsagewa. Dalili uku ne suka taru a wurin. Zafi ya canza ƙarfen da ke maƙwabtaka da ita. Waldar da ta huce ta tsuke, tana jan gefenta ko mota na tsaye. Sannan inda kauri ya ƙare farat ɗaya, nan ƙarfin bugu ke taruwa. Mai mota ya ga an manna masa katon faranti mai kusurwa huɗu, ya ninka shasin kauri, an zagaye shi da walda, sai ya biya da murna. Abin da aka yi shi ne an hana wannan yanki motsi, motsin kuwa bai ɓace ba, ya koma bakin farantin. Kafin damina ta zagayo sabuwar tsaga ta fito a can, a miƙe daga sama har ƙasa, ta bi layin waldar.

Amurka ta sayi wannan darasi da tsada. A yaƙin duniya na biyu ta ƙera jiragen ruwa na kaya samfurin Liberty guda 2,710, da walda maimakon ribiti don sauri. Da yawa suka tsattsage, wasu suka rabe biyu. Constance Tipper ta Jami'ar Kambirij ta gano cewa ƙarfen da aka yi amfani da shi yana yin gautsi cikin sanyi. Sanyin teku ba damuwarmu ba ce a Filinge, amma sauran bayanin namu ne: tsagar takan fara daga kusurwar ƙofar kaya mai kaifi, kuma da yake walda ta mai da jirgin ƙarfe guda, babu inda za ta tsaya. A jirgi mai ribiti tsaga takan mutu a bakin fallen da ta fara. Maganin da aka yi shi ne aka zagaye kusurwoyin, aka kuma kafa ɗamarar ƙarfe da ribiti a jikin jiragen.

Gyara mai kyau a kan shasi ba ya da ban mamaki, haƙuri kawai yake ci. A sauke kaya, a tallafe motar har bakin tsagar ya haɗu. A wanke a nemo ainihin inda ta tsaya, a yi ƴar huda a nan don kada ta ci gaba. A fafe tsagar da dutsen gurza, a cika ta, a goge ta yi sumul. Farantin da za a ɗora kada ya fi shasin kauri sosai, a yanke bakinsa biyu da tsini ko a zagaye, ya zarce tsagar da nisa ta kowane gefe. Walda ta bi tsawon shasin, kada ta gitta leɓensa. A babbar mota kuwa kusoshi sun fi wuta: a huda cikin ƙarfen, nesa da leɓe, a ɗaure farantin ta gefe da gefe, kamar yadda gyartai ke huda ƙwarya hagu da dama na tsaga ya ɗinke ta. Ribitin kamfani da inji mai ƙarfi ake danna ta, garejin gari ba shi da shi, don haka kusoshi masu lamba 8.8 ko 10.9 a kansu su ne madadinta. Ƙusar da kanta ba lamba, ta ƙofar gida ce.

Game da ƙananan motoci ƴan Kwatano da ke tasi tsakanin garuruwa, shawarata kada a kwaikwayi masu wasa. Da yawansu sun sha gishirin da ake zuba wa titunan Turai lokacin ƙanƙara, tsatsa ta ci gaɓoɓinsu daga ciki tun kafin su hau jirgi, walda kuma ba ta kama tsatsa. Ban da haka, gaban motar da bayanta an yi su ne don su murƙushe in an yi karo, su shanye bugun kafin ya iso ga mutane. Béla Barényi na kamfanin Mercedes ya yi rajistar wannan dabara a farkon shekarun 1950, aka fara sayar da mota mai ita a 1959. Mai wasa yana da keji da hular kwano da ɗamara mai igiya da yawa. Fasinja bakwai da aka cusa cikin Corolla ba su da ko ɗaya, in aka taurara gabanta ƙirjinsu ne zai karɓi abin da ƙarfen ya ƙi karɓa. Sababbin motoci ma ginshiƙan ƙofofinsu na wani ƙarfe ne mai tsananin ƙarfi da zafi ke lalatawa, masu ƙera su sun hana a gasa shi ko a miƙe shi da wuta.

Kafin a kunna injin walda a jikin kowace mota, a cire kan batir, a maƙala wayar ƙasa kusa da wurin aiki don kada wuta ta bi ta cikin na'urorin motar. A duba inda bututun mai da na birki suka bi, a sauke jarkokin fetur da direbobin daji ke ɗaurewa a baya. Fallen da aka shafe da tutiya yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon jiki cikin dare, don haka a goge shi tukuna, a yi aikin a sarari, yaron shago kuma ya tsaya ta inda iska ke fitowa.